Ranar da Na Kamo Damagaram a Rediyon Motata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Talatar da na tara mutanen unguwarmu a gindin motata ba, wai su zo su ga ikon Allah. Ikon Allah kam an gani, sai dai ba ta inda na nuna da yatsa ba. Har yau in na bi ta ƙofar masallacin layinmu a Hindawiyya na ji an ce "ga Injiniya nan," na san ba yabo ba ne, sai in yi yaƙe in ƙara sauri.

A Makka aka haife ni, a nan na girma, sana'ata kuwa dakon kayan gwari. Ina da farar akori-kura (wanet muke ce mata a nan), kullum da sassafe in je kasuwar kayan lambu ta Ka'akiyya in lodo tumatir da albasa da dankali, in rarraba wa masu shaguna da gidajen abinci na unguwar Misfala. Ranakun hutu kuma mukan fita daji ni da wasu abokaina direbobi huɗu, mu bi hanyar kudu har inda kwalta ta ƙare, mu shimfiɗa darduma mu dafa shayi. A wata fitar ce motata ta kafe a yashi ina can baya, su kuma sun riga sun sha kwana bayan wani dutse. Na ɗaga waya, babu sabis ko ɗigo. Awa uku ina zaune a inuwar mota ina kallon ruwan gorata yana raguwa kafin su farga babu ni. Da muka dawo gari aka yanke shawara kowa ya sa rediyon oba-oba a motarsa, irin wanda ake danna maɓalli a yi magana, a saki a saurara. Larabawa lasilki suke ce masa.

Abokaina duk suka kai motocinsu wurin Baba Sule. Baba Sule tsoho ne mai gyaran wayarin ɗin mota a unguwarmu, Bakano ne da ya shigo ta Sudan tun ina goye, kuma babu wata waya a cikin mota da bai san daga inda ta taso da inda za ta ba. Ni kaɗai na ce da hannuna zan yi. (Dalili? Na taɓa canza fis ɗin fitilar mota ni kaɗai, fitilar kuma ta kama. Tun daga ranar nake kallon kaina a wani matsayi.)

Na fara neman tasrihi, wato izinin hukuma, don a ƙasar nan ba a riƙe irin wannan na'ura haka kawai. Da ya fito na nufi wani shagon kayan fita daji. Mai shagon, wani matashin Balarabe mai haƙuri, ya jera min guda uku a kan kanta. Akwai na hannu, kamar tsohuwar salula, wanda ya ce ba ya nisa. Akwai matsakaici mai 'yan maɓallai kaɗan, wanda yawancin direbobi ke saye. Sai wani babba, baƙi wuluk, mai allura tana rawa a bayan gilashi, ga fitila kore ga ja.

"Ya ammi, matsakaicin nan ya ishe ka," in ji shi da Larabci (ammi ɗin nan kawu yake nufi). "Ba girman rediyo ne ke kai murya ba, eriya ce."

Kunnena ya ji, amma idona na kan allurar. Na ce a naɗe min babban. Da muka zo kan eriya ya nuna min gajeriya mai maganaɗisu da ake ɗorawa a rufin mota, ya nuna min doguwa da ake ɗaurewa da noti. Ba sai na faɗi wadda na zaɓa ba. Da na tsayar da ita a ƙasa ta fi ni tsawo.

Ina shirin fita na tambaye shi, "Wannan har ina yake kaiwa?"

"A fili yana ɗan taɓa nisa. A cikin duwatsun Makka kuwa kada ka sa rai sosai." Sai ya rage murya. "Amma akwai wasu ranaku da Allah ke shirya sama. Murya ta tashi, ta je ta bugi wani rufi can saman gajimare, ta dawo ƙasa a wata nahiyar. Ni da kunnena na taɓa jin waɗansu mutane suna hira da yaren da ban san shi ba."

"Har Afirka?"

"Har inda Allah Ya so."

Wallahi maganar ta shige ni. Na san za a ce ai da waya a aljihuna, wadda in na ga dama zan kira ƙarshen duniya. Amma waya da kamfani take tafiya, da layi, da dogayen ƙarafan da mutane suka kafa. Wannan kuwa muryarka ce tsagwaronta, ta fita daga bakinka ta haura sama ta taɓa wani rufi da ido ba ya gani, ta sauka a ƙasar da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Duk hanyar gida ina tuƙi ina leƙen sama ta gilashi ina cewa tsarki ya tabbata ga wanda ya ɗaga ta ba tare da ginshiƙi ba. Duk sauran bayanin mai shagon ya bi iska, wannan kaɗai ya zauna.

Ranar Asabar da hantsi na baje kayan aiki a ƙofar gida. Na huda gefen bodi a bayan kan mota na kafa mazaunin eriya. Ina cikin ɗaure noti sai ga Baba Sule zai wuce, hannuwansa a baya. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Sannu da aiki. Mene ne wannan baƙin abu da ka shimfiɗa a ƙarƙashi?"

"Robar tsohuwar tayar keke ce, Baba. Kar ƙarfen ya goge min fenti."

"Ai fentin ma kankare shi ake yi. Eriya sai ta taɓa ƙarfen mota tsirara, jikin motar shi ne rabin eriyar. In an gama kuma a sa mita a gwada, a rage tsawonta ko a ƙara. Ka kawo min da yamma in duba maka, ba komai."

Na yi dariya irin ta wanda ya san abin da yake yi. In kankare fentin motata? Na ce, "Baba, ai wannan na zamani ne, ba irin na dā ba."

Ya dubi wayar eriyar da na bi da ita ta ƙofa, ƙofar ta matse ta har ta yi fale-fale. Ya dubi ragowarta da na nannaɗe tamau kamar gammo na cusa ƙarƙashin kujera. Ya dubi wayar wuta da na sarƙafa a ramin kunna sigari maimakon in kai ta batir. Ya gyara hularsa kawai.

"To, Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Na ji daɗin sunan, ka ji wauta.

Da na kunna, fitilu suka kama, allura ta motsa, sai wani shuuu kamar ana soya albasa a kasko mai zafi. Na kira abokaina har muryata ta dushe, babu wanda ya amsa. Na yanke hukunci cewa nasu ne ƙanana, ba za su iya jin babba irin nawa ba. Kwana biyu ina yawo da shuuu a mota, in na taka totur ya ƙara da wani kuka kamar sauro.

Ranar Litinin bayan la'asar na dawo daga Misfala, na faka a ƙofar gida na kashe inji. Ban fita ba, na zauna ina murɗa tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Can cikin shuuu ɗin sai na ji kamar mutum. Na matsa kunne. Murya ce siririya, tana zuwa tana ɓacewa kamar daga cikin rijiya. Kuma Hausa take yi.

"...to ka hwaɗa mashi ya jira... ruwan bai isa ba..."

Na ɗauki makirfo na danna. "Assalamu alaikum! Wa ke magana? Daga ina?"

Shiru. Shuuu. Sai muryar ta dawo.

"Wa alaikumus salam. Damagaram ne."

Sai da na dafe sitiyari.

Dole in tsaya a nan in yi bayanin Inna, in ba haka ba za a ɗauka haukata ba ta da tushe. Inna mahaifiyata 'yar Damagaram ce ta ƙasar Nijar. Tana 'yar shekara tara iyayenta suka taso da ita zuwa aikin hajji ta ƙasa, ta Chadi ta Sudan, ana tafiya ana tsayawa ana noma ana ci gaba, har ta zama budurwa a hanya. Sun baro yayanta Mamman a wurin kawunsu yana koyon dukanci, a kan in sun dawo sai a haɗu. Ba su koma ba. Iyayen suka rasu a nan, wasiƙu suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Duk shekara in alhazan Nijar suka sauka a Misfala, Inna sai ta sa in kai ta masaukinsu ta bi su ɗaya-ɗaya tana tambaya, "Ko kun san Mamman ɗan Malam Abdu baduku, na Zango?" Kowa ya girgiza kai. Da ƙafafunta suka yi nauyi ta daina zuwa, ta kuma daina ambatonsa.

To yau ga Damagaram a cikin motata.

Na ce, "Damagaram? Damagaram ta Nijar?"

"Ita fa, akwai wata ne?" Har da 'yar dariya.

"Allahu akbar! Yaya garin? Yaya zafi?"

"Zahi kam sai godiya. Ga mu nan muna ta hwaman ruwa, tun sahe nike saukewa."

Wannan ya ƙarasa ni. Tun ina yaro Inna ke ba mu labarin wahalar ruwan Damagaram, yadda mata ke sammako zuwa rijiya. Ga shaida ta fito daga bakin ɗan gari! Na ce masa don girman Allah ya dawo wannan tashar gobe kamar wannan lokaci ko bayansa kaɗan, akwai tsohuwa 'yar garinsu da ke son jin muryarsa. Ya ce in sha Allahu. Sai shuuu ya haɗiye shi.

Na fito daga mota na ɗaga kai. Sama tana nan yadda take kullum, shuɗiya, ga duwatsun Makka baƙaƙe sun kewaye ta, ga tattabaru suna shawagi. Amma ni a lokacin gani nake kamar an yaye min wani labule. Muryata, ni mai dakon albasa, ta tsallake Bahar Maliya da Sudan da Chadi, hanyar da ta ci wa Inna shekaru, ta tsallake ta kafin in sauke numfashi. Hawaye suka zubo min, kuma ba na jin kunyar faɗin wannan, don shi kam da gaske ne.

Na hau bene da gudu. Inna na zaune a kan darduma tana jan carbi. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "mai mota."

"Mai mota, lafiya kake haki?"

Na durƙusa na zayyana mata komai, har da rufin sama. Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta ce, "Da bakinsa ya ce Damagaram?"

"Da bakinsa, Inna."

"Allah mai iko." Ta share ido da gefen mayafi. "A ciro min farar lufayata a goge."

Matata Hadiza ta ja ni gefe a kicin, ta kira ni da sunan ɗanmu kamar yadda ake yi a nan. "Abu Faisal, ka tabbata? Kar ka ɗaga wa tsohuwa rai a banza. Ka tambaye shi a ina yake tsaye?"

"Ya ce Damagaram, me kuma zan tambaya? Ke wannan ilimi ne na sararin samaniya, ba girki ba ne."

(Ta ajiye wannan maganar. Har yau tana fito da ita in bukata ta taso.)

Da a ce na tsaya a kan Inna kaɗai, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Washegari na faɗa wa masu shagunan Misfala. Na faɗa wa mai gasa burodin tamis. Bayan azahar na tsaya a ƙofar masallaci na sanar da dattawa. Na je har garejin Baba Sule na gayyace shi, da wata murya ta "zo ka ga abin da ka ce ba zai yi ba." Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

"Nijar ka kamo? Da eriyar nan mai roba?"

"Da ita fa."

"To, Allah ba Ya gajiya da abin mamaki. Zan zo."

Yamma ta yi, layinmu ya cika. Dattawa a kan benci, mata a tagogi da bakin ƙofa, har da maƙwabcinmu Balarabe da ba ya jin Hausa ko ta sannu. Muka sauko da Inna a hankali, cikin farar lufaya, tana ƙamshin turaren da ba ta shafawa sai ranar Idi. Na ajiye mata kujerar roba a jikin ƙofar mota, na buɗe murya har ƙarshe. Shuuu. Na yi sallama sau biyar, babu amsa. Rana ta yi ƙasa, zufa ta fara bin bayana. Mutane sun fara kallon juna.

Sai ga ta, siririya kamar jiya.

"Wa alaikumus salam, Damagaram ne. A yi haƙuri, aiki ya riƙe ni."

Layin ya ɗauki kabbara. Wani dattijo ya cire hula ya mayar. Na miƙa wa Inna makirfo na nuna mata inda za ta danna. Ta riƙe shi da hannu biyu kamar ƙwai.

"Salamu alaikum, mutanen Damagaram," in ji ta. "Ɗana, wace unguwa?"

"Zango, Hajiya."

"Zango!" Ta juyo ta dube mu. "Unguwarmu ce. Ɗana, manyan duwatsun nan na Birni, suna nan?"

"Suna nan daram, Hajiya, ina za su?"

"Dukawa fa, har yanzu suna jima a bakin tafki?"

"Suna yi, sai dai ba kamar dā ba."

Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba. Tsohuwa mai shekara kusan tamanin, amma idanun na yarinya ne. Hausarta ma ta juye, ta koma wata iri da ban taɓa ji a bakinta ba, babu Larabci ko kalma ɗaya. Mata na share hawaye a tagogi. Ta tambaye shi Mamman ɗan Malam Abdu baduku, ya ce sunan bai zo masa ba, amma tsohuwarsa ta san kowa a Zango, zai tambaye ta.

Ni kuwa, ganin abin ya kankama, sai na haye bayan mota na tsaya kusa da eriya na fara lacca. Na nuna sama da yatsa. Na yi bayanin rufin da ke saman gajimare, yadda murya ke bugunsa ta karkata yamma, da Hausa sannan da Larabci don maƙwabcinmu ya amfana. Na ce sirrin duk yana wurin kafa eriya, kuma ba kowa ne ya gane shi ba. Da na faɗi haka har na ɗan saci kallon Baba Sule.

Ina cikin wannan sai ladaninmu ya kunna lasifika don kiran magariba. Ladanin nan yana da wata al'ada da duk unguwa ta sani: sai ya ƙwanƙwasa makirfo sau uku, ya yi gyaran murya, sannan ya fara. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ehem.

A daidai lokacin mutumin Damagaram ya danna nasa maɓallin. Daga cikin rediyona, a bayan muryarsa, muka ji: Allahu akbar, Allahu akbar. Murya ɗaya, dushewa ɗaya, numfashi ɗaya da wanda ke sauka a kanmu daga hasumiya.

"Hajiya, a gahwarce ni, ga magariba an kira, bari in nemi alwala."

Yatsana na nan a sama ban sauke ba.

Abin da ya fi komai ciwo shi ne babu wanda ya yi dariya. Ana kiran salla, ba a magana. Kowa ya sunkuyar da kai yana amsa wa ladan, ni kuma ina tsaye ƙiƙam a bayan akori-kura kamar tutar da aka manta ba a sauke ba. Ban taɓa sanin kiran salla yana da tsawo haka ba. Ina ganin kafaɗun dattawa suna rawa, suna danne abin da ke cinsu saboda girman sunan Allah.

Da aka idar aka yi addu'a, Baba Sule ya matso a natse.

"Injiniya, tsakaninmu da Nijar awa nawa ne?"

"Biyu," na ce, da ƙyar.

"To yanzu can ko la'asar ba ta yi sanyi ba. Ko shi ma ladanin namu ya bugi rufin ne?" Ya karɓi makirfo daga hannun Inna cikin ladabi ya danna. "Malam Damagaram, kafin ka tafi. A ina motarka take tsaye yanzu?"

"Ga ni nan bayan masallaci, kusa da mai tamis. Hindawiyya."

"Don Allah ɗan danna mana hon."

Daga bayan katangar da ke gabanmu, tazarar da ko jifa za ta kai, wani ƙaton hon na tankar ruwa ya yi ƙara har tattabaru suka watse.

Nan fa layi ya fashe da dariya. Wani dattijo ya zame daga benci. Maƙwabcinmu Balarabe yana ta tambaya "esh fi? esh fi?", wato me ya faru, da aka fassara masa sai da ya jingina da bango. Baba Sule ya ɗaga robar da ke ƙarƙashin eriya da farce ya ce, "Wannan rediyon naka, yadda ka haɗa shi, ko Misfala ba zai kai ba. Shi ya sa na bayan katanga ya zo maka kamar daga wata duniya."

Duk wannan bai dame ni ba kamar Inna. Na sauko, na kasa haɗa ido da ita. Na ɗauko tsohuwa, na sa ta shafa turaren Idi, na buɗe mata tabon da ta shekara da shekaru tana rufewa, a gaban unguwa, a kan shirme. Na durƙusa a gefen kujerarta na ce, "Inna, ki yafe ni."

Ba ta dube ni ba. Katangar take kallo.

"Mai mota, ka ce masa in an sallame ya shigo gida. Ɗan Zango ne, ko a ina yake tsaye."

A masallaci aka nuna min shi, sai wata sabuwar kunyar ta rufe ni. Na san shi sarai. Direban tankar da ke kawo wa layukanmu ruwa ne, dogo, baƙi, mai ɗan gemu. Shekara biyu yana tare min hanya da tankarsa, shekara biyu ina zuba masa hon ina yi masa faɗa da Larabci, shi ma yana ba ni haƙuri da Larabci. Ban taɓa yi masa sallama da Hausa ba, ban taɓa tambayar sunansa ba. Isuhu sunansa. Damagaram kuwa laƙabinsa ne a tsakanin direbobin tanka, da shi suke kiransa a rediyo.

"Ni fa na ɗauka asalina kake tambaya," ya ce, shi ma duk ya rikice. "Da ka ce yaya zahi, na ce wannan bawan Allah bai fito waje ba ne yau?"

Ya shigo gida ya zauna a ƙasa gaban Inna, Hadiza ta kawo shayi (ta ajiye min nawa da wani kallo da ya fi magana zafi). Suka shiga Zango gida-gida, lungu-lungu, wane ya rasu, wane jikansa ne ke da shago yanzu. Kafin ya tashi ya ciro wayarsa, waya dai irin tawa, ya aika wa tsohuwarsa saƙon murya da sunan Mamman ɗan Malam Abdu.

Bayan kamar mako uku ya dawo da amsa. Mamman ya rasu da daɗewa. Ya yi dukanci har ƙarshen ransa, ya bar 'ya'ya bakwai. Babbar 'yarsa sunanta Zainabu, sunan Inna, kuma a gidan ba a kiranta da sunan, sai dai a ce Ta-Makka. Ranar da aka haɗa su ta bidiyo, matar, wadda ita ma ta yi jikoki, tana ganin fuskar Inna ta rushe da kuka ta ce, "Wallahi Baba ne, hancin Baba ne." Inna ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe bai manta ni ba." Na fita baranda, don akwai abin da namiji ba ya so a gan shi yana yi.

Motar kuwa na kai ta garejin Baba Sule da kaina. Ya kankare fentin ina kallo, zuciyata na ƙuna. Ya cire robar, ya warware gammon, ya ja wuta daga batir, ya sa mitarsa ya datse kan eriyar kaɗan. Cikin rabin awa ya gama. A fitarmu ta gaba na ji abokaina tar-tar daga bayan dutse, kamar a kujerar gefena suke. Rufin saman nan ma na tambaye shi, ya ce gaskiya ne akwai shi, yakan faru, shi kansa ya taɓa ji sau ɗaya a Sudan. Ni dai har yau bai faru da ni ba.

Darasin da na ɗauka ba mai yawa ba ne. In tsoho mai sana'a ya ce a kankare, a kankare. In kuma abin mamaki ya same ka, ka yi tasbihi a zuciyarka tukuna, ka leƙa bayan katanga, sannan ka kira jama'a. Kuma ko da ka kira su, kada ka hau bayan mota, don saukowa a gaban mutane ta fi hawa wuya.